Asabar Uku a Tsafe

Na daɗe ina kewaya wannan babin. Na rubuta muku ƙuruciyata a Bungudu, na rubuta zamana a Sakkwato da yadda na koyi tafireta, na rubuta aurena da mahaifiyarku, duk ban ji nauyin alƙalami ba. Da na iso nan sai na yi wata biyu ina buɗe littafi ina rufewa. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar da ta iso kunnena a kan auren Hadiza, 'yar babban yayanku. Dangin yaron da ke nemanta sun aiko bincike kamar yadda aka saba, wani kuma a bakin kasuwa ya ce musu ubanta tsohon ɗan ƙwaya ne, an kai shi magani ya dawo ya koma ruwa, in suna son shaida su dubi hannunsa na dama. Ku ma haka kuka tashi kuka ji, na kuma san haka kuka riƙe, ladabi ne kawai bai bar ku kun furta ba. To, cewa ya taɓa sha gaskiya ne. Cewa ya koma ƙarya ce, kuma ni na yi mata mazauni.

Sunan yayanku Lawali. Ku da kuke ɗora 'ya'yanku na fari a wuya kuna zagaya gari da su ba za ku san abin da rubuta sunan nan ya ci mini ba. A gidanmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne. Ranar da aka yaye shi Inna, mahaifiyata, ta goya shi ta wuce ɗakinta, shi ke nan ya zama nata. Ni da mahaifiyarku ba mu kiran sunansa, ba mu zama tabarma ɗaya da shi, ba mu dubansa ido da ido. In zan aike shi sai in ce wa ƙaninsa, ka ce wa wancan ya je wuri kaza, alhali yana tsaye yana ji. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, har yabon mutum ake yi da ita. Ni kuwa na riƙe ta fiye da kowa a danginmu, don ina da son a yabe ni, wannan hali ba sai na gaya muku ba.

Shekarar da aka ba mu jiha muka kwaso fayiloli daga Sakkwato muka dawo Gusau. Ba a jima ba aka fara kawo kwamfuta ofisoshi, aka zaɓi wasu a cikinmu aka tura kwas, har da ni, saboda saurin hannuna. Ina da baiwa guda wadda nake taƙama da ita: in na dubi layin lambobi sau ɗaya, zan buga shi ba tare da na sake duban takarda ba. Kullum da safe in hau mota daga Bungudu, da yamma in dawo ina jin kaina wani abu. A daidai lokacin ne yayanku, yana da shekara goma sha tara, jarrabawa ba ta yi masa kyau ba, ya koma zama a tasha wajen masu faci. Kowa a unguwa ya san abin da ake shaƙa a bayan rumfar nan. Ni ne na ƙarshen sani, don mutumin da ba ya duban ɗansa ba zai ga idon ɗan ya canza ba.

Inna ce ta tare ni a zaure wata Juma'a. Mijinta take kiransa, irin wasan kaka da jika, amma ranar babu wasa a bakinta.

"Haruna, mijin nan nau ba lahiya ba. Na aike shi man gyaɗa da daddawa, yat tahi yad dawo da kwalba wofi, shina tambaya ta mi nic ce. Jiya na gane shi shina salla, ya yi tsaye bai san raka'a ta nawa ba."

Aka laluba aljihunsa aka sami tsumma mai warin sholisho da ƙwayoyi a ƙunshin leda. Yayana Alhaji Mamman, mai injin niƙa na bakin kasuwa, ya ce a kai shi inda za a sa masa mari a ƙafa ya ji a jikinsa. Inna ta ce sai dai a fara sa mata. Ana cikin wannan ja-in-ja wani abokin aikina ya ba ni labarin Malam Isiyaku na Tsafe, tsohon ma'aikacin jinya da ya yi shekaru a asibitin masu taɓin hankali, ya yi ritaya ya buɗe gidansa yana karɓar irin waɗannan yara. Muka ce wa mutane yaro ya tafi Zariya karatu, muka sa shi a mota da sassafe.

Gidan yana gindin dutse, yara ba su fi takwas ba. Babu mari, babu bulala. Akwai gona, akwai salla cikin jam'i, akwai abinci a kan lokaci, akwai likita da ke leƙowa duk wata. Sai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, da tebur, da benci, da kwamfuta an lulluɓe ta da zane. Wani likita da suka yi aiki tare ne ya bar masa ita da zai tashi, tare da faifan wasu darussa na motsa ƙwaƙwalwa. Ni da nake ganin kwamfuta ta manyan ofisoshi ce, na yi mamakin ganin ta a nan, kaji suna kiwo a bakin ƙofarta. Malam Isiyaku ya lura da fuskata.

"Malam Haruna, abin da yas sha, makonni kaɗan ya bar jikinai. Kai shi ad da nawa. Yaro shi yi ƙiba, shi yi haske, uwaye su ce ya warke, alhali in ka ba shi saƙo ukku, biyu sun zube bisa hanya. Na'urar ga ba magani ta ba. Motsa mai kai taka yi, kuma ita ka gaya min inda anka kwana."

Darussan iri biyu ne. A na farko lambobi za su fito a fuskar na'urar su ɗan tsaya su ɓace, yaro ya buga su yadda suka zo. Daga uku ake farawa, in ya iya a ƙara ɗaya. A na biyu siffofi ne ke wucewa, in tauraro ya fito ka danna, in wata ya fito ka riƙe hannunka. Wannan, in ji Malam, don hannu ya koyi jiran kai ne. Kullum kowane yaro yana yin rabin sa'a, a tayar da ɗan janareta in babu wuta. Asabar kuwa ranar gwaji ce, ita ce ake rubuta matakin da yaro ya kai, kuma dole uba ya zo ya zauna kusa da ɗansa. Malam zai kunna ya fita ya ja ƙofa. Yaron da ya kai lamba bakwai Asabar uku a jere, ya kuma tsallake darasi na biyu, sai a ba shi takarda ya tafi gida. Na ce masa yaron fa ɗan farina ne, ba ma magana. Ya ce ya sani, rabin iyayen da ke zuwa haka suke, in zauna kawai, zaman ma wani abu ne.

Bencin nan gajere ne. Asabar ta farko da na zauna, kafaɗata tana gogar tasa, na ga wani tabo a bayan kunnensa wanda ban san ranar da ya same shi ba. Lamba uku suka fito suka ɓace. Ya buga biyu ya tsaya. Ɗana, wanda a firamare malamai ke aiko da yabonsa ta bakin Inna, ya kasa riƙe lamba uku. Na fito ranar na tsaya a bayan gidan na yi kuka, abin da ban yi ba ko ranar da mahaifina ya rasu.

Amma abin yana aiki, wannan ina son ku sani, don kada wani ya ce na'urar ce ta cuce mu. Kafin shuka ya kai huɗu. Da gero ya kai gwiwa ya kai biyar. Malam ya fara aikensa kasuwa da saƙo biyu yana dawowa da su daidai. Ya daina tsayawa a tsakiyar salla. Sai kuma ya cije a biyar. Mako ɗaya, biyu, har shida, biyar ɗin nan ba ta motsa ba. Malam bai damu ba ko kaɗan, ya ce sannu ba ta hana zuwa, ya ga wanda ya yi wata uku a wuri ɗaya sannan ya wuce. Shi yana da haƙuri saboda ba shi ke komawa gidanmu da yamma ba.

A gida Inna ta kwanta. Ƙafafunta sun kumbura, abinci ya ƙi zama. Duk Asabar in na dawo ba na cire takalmi sai an ce tana kira.

"Yau nawa?"

"Biyar, Inna."

"Ni ban san biyat ba, ban san bakwai ba. Ku maido min mijina in gane shi kahin in tahi. Akwati ka hana ni ganin yaron da nig goya?"

Mahaifiyarku ba ta iya tambaya, ita ma alkunyar ta ɗaure ta, sai dai ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu tana share wurin da ta riga ta share, har ta ji amsar. Alhaji Mamman kuma ya samu abin yi. Duk inda muka haɗu sai ya ce yaya ɗan Zariya, talabijin ɗin ta gama ba shi karatun? Maƙwabta sun fara tambaya wace irin makaranta ce ba ta hutu. Na roƙi Malam ya ba ni shi ko na kwana biyu, ya ce a'a, hanyar gidanmu ta tashar nan take bi, ya sha ganin kwana biyu sun rushe wata biyar. Gaskiya ya faɗa, amma ranar na ji haushinsa.

Asabar ta bakwai a kan biyar, an kwana ana ruwa. Malam ya kunna ya fita. Lawali ya wuce uku, ya wuce huɗu, ya wuce biyar da ƙyar. Shida suka fito suka ɓace. Ya buga huɗu ya tsaya, yatsansa a sama, gumi ya tsattsafo masa a kan leɓe. Ni kuwa sauran biyun suna zaune a idona tas, kamar an rubuta su a bango. Da irin ubannin yanzu ne, sai in dafa shi in ce kwantar da hankalinka, gobe ma rana ce. Bakina bai san hanyar zuwa wurinsa ba, shekara goma sha tara bai taɓa bin ta ba. Hannuna ne ya tafi. Na danna biyun nan. Na'urar ta yi ɗan kukan da take yi in an yi daidai.

Bai juyo ba. Da lambobi na gaba suka fito, sai ya janye hannayensa a hankali ya ɗora a kan gwiwa. Na buga shida, na buga bakwai. Darasi na biyu ya zo, na danna a kan tauraro na riƙe a kan wata, ban kuskure ko ɗaya ba, ni da na shekara ashirin ina wannan sana'a. Malam ya shigo ya duba, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi hamdala ya ce haka kai yake, sai ya yi kamar ya tsaya sannan ya buɗe gaba ɗaya.

Asabar ta biyu na hau mota da niyyar in faɗa masa gaskiya. Na shirya maganar tun daga Gusau. Ina sauka ya tare ni da fara'a.

"Ka ga abin da nika gaya maka? Cikin mako shina nan shina faman biyat, amma in kana kusa sai shi natsu. Wanga shi na amfanin uba."

Na haɗiye maganata. Wa zai ƙi a ce masa shi ne maganin ɗansa? Na shiga na sake yi. Asabar ta uku kuwa ba zan yi muku ƙarya ba, ko niyyar faɗa ban ɗauko ba. Na riga na gaya wa Inna ranar da zai dawo.

Ya dawo da takarda mai sa hannun Malam, cewa jikinsa ya rabu da abin da yake sha, hankalinsa da natsuwarsa sun dawo, ana iya ba shi aiki. Inna ta tashi zaune ranar, ta ci tuwo, ta yi masa tsiya cewa ya tafi yawon duniya ya bar ta da cefane. Kwana ashirin bayan nan ta cika, hannunta a kansa. Ina tsaye a wajen jana'iza ina ce wa kaina, ka gani, da ka bi ta Malam da ba su gana ba. Na yarda na yi daidai. Har na ɗan ji ina da wayo.

Bayan an share makoki Alhaji Mamman ya karɓi takardar ya sa tabarau ya karanta. Da farko niyyarsa ya sa yaron ɗaukar buhu da shara, amma tunda ga shaida a rubuce cewa kai ya dawo, ya ce zama ba aiki shi ke mayar da yaro tasha, ya ɗora shi a bakin inji. Dokar injin uku ce, kowane yaron niƙa ya san ta. In ya cushe, ka kashe, ka jira bel ya tsaya cak, sannan ka sa hannu. Ina wurin aka karanta masa ita, ya maimaita daidai. Na san lamba biyar ce iyakarsa, na san a darasi na biyu hannunsa yana rigan kansa, na kuma ji ana ɗora shi a kan ƙarfe mai juyawa. Abin da zan ce bai fi kalma goma ba. Na dubi yayana, na tuna dariyar da zai yi, na ce Allah ya sa albarka.

Ya yi mako biyar lafiya. Ranar kasuwa ce bayan kaka, kwanuka sun yi layi har waje, surutu ko'ina. Jiƙaƙƙiyar masara ta cushe injin. Waɗanda ke wurin sun ce ya kashe. Wata mata ta kira shi tana cewa an tsallake kwanonta, ya juya ya ba ta amsa, ya juyo ya zura hannu. Bel bai tsaya ba. Yatsu huɗu suka tafi, babban ne kawai ya tsira.

A ofis aka same ni. Da na isa asibiti an riga an ɗaure hannun, barandar cike da 'yan uwa da maƙwabta. Alhaji Mamman yana tsakiya, rigarsa duk jini, don shi ya ɗauko shi, kuma ina shaida yana son yaron. Tsoro ne ya koma masa faɗa.

"Ya koma ma abin nai. Wane mai hankali ka sa hannu ga inji shina juyawa? Ga takarda ta ce kainai lahiya lau. To mi ar rage in ba sha ba?"

Ya kutsa ɗakin, na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya sunkuya a kan gadon.

"Lawali, tsakaninka da Allah, ka sha ko ba ka sha ba?"

Yayanku ya ɗaga ido ya gan ni. Sannan ya juya fuskarsa bango. Alhaji ya fito ya ce kun gani. Kafin la'asar magana ta gama Bungudu, har da cewa Zariyar ma ba Zariya ba ce. Na gane abin da yaron ya yi tun a lokacin. In ya ce bai sha ba, za a tambayi takarda, in an tambayi takarda za a iso kaina. Yana kwance da rabin hannu ya zaɓi a kira shi mashayi. Ni kuma da hannuna biyu da bakina na tsaya a bakin ƙofa na bar shi ya zaɓa.

Da ciwon ya kame, shi da kansa ya aiko ƙaninsa ya ce mini yana son a mayar da shi Tsafe. Mutanen gari suka ce to ga shi nan, in ba ya koma ba me zai mayar da shi gidan magani. Ranar da muka isa Malam Isiyaku ya duba idonsa, ya duba harshensa, ya yi masa tambayoyi, sannan ya kunna na'urar ya zauna da kansa. Yaro ya buga da hagu. Biyar. Malam ya kashe, ya lulluɓe ta, ya ce in zo. Muka tsaya a gindin wata bishiyar bedi a bayan gida.

"Yaron ga bai sha komi ba, wanga na tabbata. Malam Haruna, aikin mi kac ce kana yi ohis?"

"Tafireta. Yanzu kwamfuta."

Ya daɗe yana gyaɗa kai.

"Na'urar ga lambobi taka gani, ba ta ganin hannu. Laihina na da nib bar ɗakin. Na tambaye shi, ya ce shi yad danna da kainai. Yaron da ka iya riƙe magana hakanga, kainai za shi dawo, in sha Allahu."

Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ranar ko bayanta. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Daga lokacin ya sa kujerarsa a cikin ɗakin, duk uban da ya zo gwaji yana zaune a bayansa. Ni ma bai sallame ni ba, ya ce doka tana nan, Asabar ta uba ce. Wata takwas ina zuwa. In na zauna a bencin sai in tura hannayena ƙarƙashin cinyoyina in danne su. Na ga biyar ta zama shida a tsakiyar rani, na ga shida ta zame ta koma biyar, ta sake hawa. Na ga ranar da wata ya fito, yatsansa na hagu ya taso, ya tsaya a iska, ya koma. Bakwai ta zo Asabar uku a jere ana gab da sabon ruwa, tasa ce ta halak, babu hannun kowa. Wata takwas ne kawai nake gudu. Garin neman gira na rasa ido, sai dai idon ba nawa ba ne.

Sauran kun sani. Ya kama sayar da hatsi, ya yi aure, ya haifi Hadiza da ƙannenta. Shekara ashirin da 'yan kai ko taba bai sa a baki ba. Amma sunan ya zauna. An hana shi riƙon ƙungiyar 'yan kasuwa a kansa. Akwai gidan da ya fara neman aure aka ce a yi haƙuri. Ku kanku in ya yi muku faɗa kuna yara, na sha jin kuna gunaguni a bayan ɗaki kuna cewa wa ya kai shi. Ina ji ina wucewa. Kowace shekara ina cewa bana zan faɗa, kowace shekara girmana yana ƙaruwa, maganar tana ƙara nauyi. Aka fara kirana sasanta rigima, aka fara sa ni gaba wajen ɗaurin aure, ana cewa Malam Haruna ba ya ƙarya. Malam Isiyaku ya rasu da sirrin. Alhaji Mamman ya rasu yana ganin ya faɗi gaskiya. Mahaifiyarku ta rasu tana yi wa ɗanta addu'ar Allah ya yafe masa komawar da bai yi ba. Wannan ita ce ba ni da inda zan kai ta, don wadda zan gaya wa ba ta nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, na tafi rumfarsa. Ban taɓa zama a cikinta ba. Ya miƙe da sauri zai ba ni kujera, na zauna a kan buhun dawa na ce ya zauna. Ya sallami mai sayen da ke gabansa. Na ce masa na ji abin da aka gaya wa masu neman Hadiza, gobe zan je wurinsu in faɗi yadda aka yi.

"Baba, ka bari. Abu ya wuce. In sun fasa, Allah shi kawo wani. Girmanka ya hi wanga."

Na ce girman da aka gina a kan bayansa ba na son a binne ni da shi. Sannan na tambaye shi abin da na daɗe ina son tambaya. Na ce ranar nan a Tsafe, da hannuna ya zo, me ya sa bai ture shi ba, me ya sa bai gaya wa Malam ba, alhali ya san kansa bai kai ba. Ya sunkuyar da kai yana juya mudu da hannun hagu. Mutum ne mai furfura a gemu yanzu, amma sai na ga kamar a bencin muke.

"Na san ba daidai na ba, Baba. Amma tun da anka haihe ni ban taɓa ganin ka yi wani abu don ni ba, ni kaɗai, ina kallo. Ranar na gani. Ban so ka daina ba."

Na zauna har aka kira magariba, muka tafi masallaci tare.

Washegari na je gidan mutanen. Dattawa biyar na tarar a zaure, na ƙi tabarmar da suka shimfiɗa mini sai da na gama. Na faɗa musu duk abin da kuka karanta a nan, ban rage ba. Babu wanda ya dube ni, babban cikinsu ya ce sun ji, za su yi shawara. Abin da za su yanke nasu ne, ban je roƙo ba.

Ku ne nake roƙo. Ku karanta wa 'ya'yanku wannan babin tun ina da rai, kada ku jira sai an ce Allah ya jiƙan Malam Haruna. Duk ranar da wani ya nuna hannun yayanku a gabanku ya fara wannan magana, kada ku yi shirun da ubanku ya yi. Ku ce masa ranar nan Lawali bai sha komai ba. Ku ce kansa ne bai gama warkewa ba aka ɗora shi a kan inji, kuma wanda ya sani ya yi shiru yana tsaye a wurin. In ya tambayi ko wane ne, ku faɗi sunana.